Zan taho da sandar fatsa daga Ingila, yaya ake yi da ita a jirgi?

Ɗan Yauri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida a Ingila, a nan na koyi fatsa irin ta Turawa, ta sanda da na'urar naɗe zare. Bana zan je gida hutu, kuma na ci alwashin sai na gwada ta a kan giwan ruwan Kainji, ko don in rufe bakin kawuna da ke cewa wasan yara nake yi. Sandar mita 2.7 ce, gida biyu ake raba ta, kowane ɓari ya kusa santimita 140, ba ta shiga akwati. Akwai ƙugiyoyi, dalma, wuƙa, da 'yar na'urar gano kifi mai batirin litiyam. Daga Landan zan sauka Abuja, sannan in hau jirgin cikin gida. Wanda ya taɓa yi ya ba ni haske.

Bakabe:
Wa alaikumus salam. Malam, tsawon nan shi ne matsalarka, sauran duk mai sauƙi ne. Yawancin kamfanoni suna ba da kilo 23 ga kowace jaka, amma akwai sharaɗin da mutane ba sa karantawa: in aka haɗa tsawo da faɗi da kauri kada su wuce santimita 158. Bututun da zai ɗauki sandarka zai kai 145, ka ƙara goma da goma, ka ga ka haura. Wasu kamfanonin suna karɓarsa a matsayin kayan wasanni cikin awonka, wasu kuma sai ka biya. Ka kira su kafin ranar tafiya, su rubuta maka a tikitinka.

Ni na yi ganganci sau ɗaya. Na naɗe tawa da bargo da salatif, na ce ai sun liƙa mata takardar "mai saurin karyewa". Da na kwance ta a gida, kan sandar ya karye kamar tsinken tsire, zobba biyu sun lotse. Tun daga nan bututun roba na masu aikin famfo nake saya, mai inci huɗu, da murfi biyu. Kowane ɓari in zura shi cikin tsohuwar safa, in juya su kai da ƙafa, in cusa soso a bakin bututun har sai na girgiza ban ji motsi ba. Murfi ɗaya kada ka manne shi da gam, don masu bincike za su iya cewa ka buɗe.

Maman Hanif:
Maigidana ma wannan ciwon gare shi. Wuƙa, filaya, manyan ƙugiyoyi da dalma duk ka zuba su a akwatin awo. Dalma baƙi ƙirin take fitowa a na'urar bincike, in tana jakar hannu sai an zazzage maka kaya gaban jama'a. Ƙugiyoyin ka soka su a soso ka sa a gwangwani mai murfi, kada su huda hannun wani.

Batirin kuma akasin haka ne, a jakar hannu yake tafiya, ka rufe kawunansa da salatif. Ka duba jikinsa: in bai wuce 100Wh ba (Wh shi ne ma'aunin wutar da batiri ke riƙewa) babu magana, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani. In ba a rubuta ba, ka ninka lambar volt da ta Ah da ke jikinsa. Mai volt 12 da Ah 7 ya ba ka 84 ke nan.

Ɗan Yauri:
Na gode Hajiya, na duba, nawa 84 ɗin ne. Malam Bakabe, jirgin cikin gida fa?

Bakabe:
In tikitin daban ka yanka, dokarsu daban, kuma awonsu kan gaza na jirgin waje. Ni a wurinka daga Abuja mota zan bi ta Kontagora, bututun a gefena. In kuwa za ka riƙa zuwa duk shekara, sayi sanda mai gida huɗu, tana kwanciya a babban akwati.

Jikan Sarkin Ruwa:
Ɗana, duk wannan wahala a kan kifin da homa da birgi suke kamawa tun kaka da kakanni? To shi ke nan, ka zo. Amma dalma kada ka ɓata awonka da ita, tana nan jibge a kasuwar Yauri. Abin da za ka riƙo da yawa shi ne siririyar wayar da ake ɗaurawa gaban ƙugiya, don kifin nan tsage da haƙoransa yake datse zaren roba. In za ka koma, busasshen kifi Ingila ta yarda da shi har kilo 20, kilishi ne dai ba ya shiga. Kawun naka kuma ka riƙo masa tocila mai kyau, shi zai tuƙa ka a kwalekwale.