Rigar zafi ta farko: ta ina zan fara yanka?

Sabuwar Hannu, Asawase:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu ɗinki. Ina so in ɗinka wa kaina doguwar riga mai shan iska kafin zafin Fabrairu da Maris ya kankama. Keken hannu Butterfly gare ni. Miƙaƙƙen ɗinki na iya, amma ban taɓa sa zif ko haɗa hannun riga ba. Awona: ƙirji inci 38, ƙugu 42, daga kafaɗa zuwa idon sawu 54. Wane yadi zan saya a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi, kuma nawa? Yaya zan yanka? Dole ne sai na sa shafi?

Telar Aboabo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar maganar kaba, rigar sama ta matan Gana, tukuna, ita tana son a kama jiki, ga shafi ga zif. Ki fara da riga wadda hannunta ke fita daga jikinta, ƙyalle biyu kawai, gaba da baya.

Sanyin riga daga yadi yake. Zafin Kumasi mai gumi ne, auduga ce ke shanye zufa ta bushe, roba kuwa riƙe ta take yi a jiki. Atamfa mai roba ta cika kasuwa, kuma ido ba ya rarrabewa. Ki zare ɗan zare daga bakin yadin ki ƙyasta masa ashana. Auduga na ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba na ƙanƙancewa ta narke, ta bar ɗan ƙwallo mai tauri. Atamfar kamfanonin GTP da ATL da Woodin auduga ce, amma akwai na jabu, saboda haka ko kin ga suna ki gwada. Shafi kuwa, atamfa ba ta nuna jiki, ba ta buƙatarsa. Shafin da ake sayarwa yawanci roba ne, in kin sa kin ɓata dalilin yin rigar.

Lissafin yadi: 54, ki ƙara rabin inci na kafaɗa da inci ɗaya da rabi na kalmasa, 56 ke nan. Gaba da baya 112, wato yadi uku da inci huɗu. Ki sayi huɗu. In yadi shida aka ce sai kin ɗauka, ragowar ta yi ɗankwali.

Kafin almakashi ya taɓa shi, ki ɗumama takardar da ke manne da dutsen guga ta bayan yadin, za ta ɗago ba ta bar danƙo ba. Sai ki wanke, ki shanya a inuwa, ki goge. Auduga na iya tsukewa inci ɗaya ko biyu a kowane yadi, gara ta tsuke yanzu.

Yanka: ki ninka yadin a tsaye, baki ya haɗu da baki. Ninkin shi ne tsakiyar riga, daga nan kowane awo ke tashi.
Ƙirji: 38 da 6 na walawa, 44, raba huɗu 11, da rabin inci na ɗinki, 11 da rabi. Ki sa alamar a inci 11 ƙasa da kafaɗa.
Ƙugu: 42 da 6, 48, raba huɗu 12, da rabi, 12 da rabi, a inci 24 daga kafaɗa.
Ƙasa: 17. Ƙasa da haka rigar za ta riƙa ɗaure miki ƙafa wajen hawa tiroto, wato motar haya.
Layin kafaɗa ya miƙe har bakin yadi, ya sauka inci biyu a ƙarshe, bakin hannu inci 8. Hannun zai kai gwiwar hannu. A hammata kada ki yi kusurwa, ki zana baka, kusurwa ce ke fara yagewa. Kada ki kama tsakiyar jiki ko kaɗan: rigar da ba zif, duk inda ya fi ƙirji matsewa ba zai wuce ba.

Maman 'Yan Biyu, Alabar:
Yaya ta yi bayani, amma akwai inda zan ja da ita. Ba kowace atamfa ce ke yarda a yanka ta a tsaye ba. Da yawa an zana su ne don ɗaurin zane, wato baki ɗaya sama baki ɗaya ƙasa. In kika yanka irin wannan a tsaye, tsuntsaye da furanni duk za su kwanta a gefe. In kika bi zanen kuma, faɗin atamfa inci 45 ne ko ɗan sama da haka, ba zai kai 56 ba sai kin yi ƙari a ƙasa. Ga mai koyo, ki zaɓi ƙananan zane da ba su da sama da ƙasa. Ki sa mai shago ya warware miki, ki rataya a kafaɗa ki duba, kada ki zaɓa a ninke.

Sai wuya, wanda nan ne rigar farko ke mutuwa. Ki auna zagayen kanki da tef, har da kitso. Yawanci 22 zuwa 23 ne. Wuyan da aka saba yankawa, faɗi 3 daga ninki, zurfin gaba 4, na baya ɗaya da rabi, ko bayan ɗinki da ƙyar yake kai 22. Kai ba zai shiga ba. Mai koyo sai ta ɗauki almakashi ta ƙara faɗi, wuya ya zame daga kafaɗa, kuma babu mayarwa. Maganin shi ne tsaga ta inci 5 a tsakiyar gaba ko baya, da maɓalli ɗaya.

Da zarar kin yanke wuya, kafin komai, ki bi gefensa da ɗinki ɗaya, kwata na inci daga baki. Zaren yadi a karkace yake a wurin, ko ɗaga rigar kika yi sai ya miƙe, wuya ya riƙa hangame. Sannan ki ɗora wuyan a kan ragowar yadi ki fitar da ƙyalle mai siffarsa, faɗin inci 2 da rabi, ki tsawaita shi ya wuce tsagar. Ki haɗa fuska da fuska, ki ɗinke zagayen, ki ɗinke gefe biyu na layin tsagar, sannan ki tsaga tsakaninsu. Ki ɗan tsattsaga bakin ɗinkin duk rabin inci ba tare da kin taɓa zare ba, ki juya ciki, ki goge. In ba ki tsattsaga ba, ko awa za ki yi kina guga ba zai kwanta ba.

Masu cewa a jiƙa atamfa a ruwan gishiri don kada ta zuba, su yi haƙuri. Wanki ita kaɗai da ruwan sanyi ya wadatar.

Sabuwar Hannu:
Allah ya saka da alheri. Na gwada keken a kan ƙyalle, sama lafiya, amma ƙasa zare na cukurkuɗewa. Ƙwarƙwaron ne ya lalace? Kuma me zan yi wa bakin ɗinki don kada ya zare?

Mai Gyaran Keke, Sabon Zango:
Malama, kada ki taɓa ɗan kusar gidan ƙwarƙwaro. In ƙasa ya cukurkuɗe, laifin zaren sama ne. Ki ɗaga ƙafar keke kafin ki zura zare. In tana ƙasa, faifan nan biyu masu matse zare a rufe suke, zaren sai ya hau kansu bai shiga tsakani ba. Ki duba kuma ya bi ta hannun da ke hawa da sauka. Allura lamba 14 ga atamfa, 11 ga yadi mai shara-shara. A baƙar Butterfly, gefen allura mai faɗi na kallon dama wajen taya, zare na shiga daga hagu. In kin juya ta, keken zai riƙa tsallake ɗinki. Tsawon ɗinki ki sa tsakanin 10 da 12. In an sa wa keke mai, ki fara gudu a kan tsumma har ya daina baƙi.

Telar Aboabo:
Jerin aikin: kafaɗu, wuya, gefuna daga bakin hannu har ƙasa, sannan kalmasa. Kowane ɗinki ki goge shi kafin na gaba. Kekenki ba ya ɗaure baki, don haka ki buɗe ɗinkin da guga, ki ɗan lanƙwasa kowane baki ciki ki bi shi da keke. A bakan hammata ki maimaita ɗinki sau biyu, ki tsattsaga kamar na wuya. In kin ga aikin ya yi yawa, masu injin ɗaure baki suna nan a unguwa, ki kai musu kafin ki yi kalmasa.

Kalmasar kuma ki bari rigar ta kwana a rataye. Ki sa ta da takalmin da kike fita da shi, wata ta zagaye ki da alli tana aunawa daga ƙasa. Gefuna kan fi tsakiya sauka da kamar inci ɗaya, ki rage su. Ki ninka rabin inci, ki sake ninka inci ɗaya, ki goge, sannan ki ɗinke.