Mayar da mahayan roba ƴan lifidi, da matsalar fenti a zafin Yamai

Ɗan Yantala, Yamai:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar fentin ƙananan sojoji na wasan yaƙi a kan tebur. Wata uku da suka wuce kawuna da ke aiki a Faransa ya zo hutu, ya kawo mini akwati biyu na sojojin roba masu tsayin milimita 28. Ɗaya na dakarun Mahadi na Sudan ne, na kamfanin Perry Miniatures, ɗayan kuma mahayan Larabawa ne na kamfanin Gripping Beast. Ya haɗo mini da kwalaben fentin Vallejo goma sha biyu, da gwangwanin fentin fesawa na shimfiɗar farko, da ƙullun nan mai shuɗi da rawaya wanda yake komawa kore idan an murza shi, ana gina siffa da shi kafin ya sandare.

Ba na son in fente su yadda suke a hoton akwatin. Burina in mayar da su rundunar Gobir da Katsinan Maraɗi wadda ta kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836, domin mahaifina Bagobiri ne na Tsibiri, kuma tun ina yaro nake jin labarin wannan yaƙi a bakin manya.

Sai dai tun a matakin farko na ci karo da cikas. Na fesa wa dakaru takwas shimfiɗar farko da rana bayan azahar, sai jikinsu ya fito da ƙuraje kamar an barbaɗa musu yashi, har idanu da yatsu suka ɓace. Fentin kuma yana bushewa a bakin buroshi kafin in kai shi jikin sojan. Abin da ya fi damuna shi ne lifidin: na lulluɓe doki ɗaya da ƙullun, kafin in gama zana ɗinkin gefen dama gefen hagu ya riga ya sandare, dokin kuma ya yi kumburin da ba ya kama da doki. Shin takwas ɗin nan sun lalace ke nan? Kuma ta yaya ake yin lifidi a kan dokin da bai kai tsayin ɗan yatsa ba?

Baban Halima, Tawa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, takwas ɗinka ba su lalace ba. Ka zuba su a kwalba mai murfi, ka tsiyaya musu Dettol tsagwaronsa har ya rufe su, ka bar su su kwana. Washegari ka goge su da tsohon buroshin haƙori alhali suna cikin maganin, kada ka bari ruwa ya taɓa su sai fentin ya fita duka, domin idan ruwa ya shiga tun da wuri sai fentin ya zama danƙo mai wuyar cirewa. Bayan nan ne za ka wanke su da sabulu. Abin da nake roƙonka shi ne kada wani ya ba ka shawarar fetur, ko tina ta masu fentin mota, ko ruwan goge fentin farce, domin dukkansu suna narkar da irin wannan roba. Na yi asarar mahaya huɗu ta haka a shekarata ta farko, na bar su minti kaɗan a cikin tina, na dawo na tarar fuskokinsu sun zube.

Ƙurajen da ka gani ba laifin gwangwanin ba ne. A zafin azahar na bazara, lokacin da awon zafi yake haura 40, ɗigon fentin yana bushewa a iska tun kafin ya sauka, sai ya faɗa a jikin sojan a matsayin ƙura. Idan dole sai ka fesa, ka yi bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ka girgiza gwangwanin minti biyu cur, ka riƙe shi da tazarar kamu ɗaya, wato wajen santimita 20, ka wuce da hannu sau biyu ko uku da sauri. Ni kam na daina fesawa gaba ɗaya. Da hunturu ƙura ce take manne wa ɗanyen fenti, da bazara zafi ne, da damina kuma laima, saboda haka na koma shafa shimfiɗar farko da buroshi, kuma Vallejo suna da irinta a kwalba. Aikin yana ɗaukar lokaci, amma ina ganin abin da hannuna yake yi.

Bushewar fenti kuwa maganinta yana cikin madafarku. Waɗannan fentoci na ruwa ne, shi ya sa iskarmu take shanye su nan take. Ka samo ƙaramar roba mai murfi irin ta ajiye abinci, ka shimfiɗa soso mai laushi ko takardar goge hannu ninki huɗu a ciki, ka jiƙa ta sosai ba tare da ruwa ya kwanta ba, sannan ka ɗora takardar da masu gasa kek suke shimfiɗawa a faranti. A kan wannan takarda za ka riƙa ɗiga fentinka. Danshi yana ratsowa daga ƙasa a hankali, sai ɗigo ɗaya ya yi maka awa biyu ko fiye. Ina zuba ruwan randa domin sanyinsa, kuma ina sauya takardar duk kwana biyu saboda kada ta yi fumfuna. Ka kashe fanka ko ka juya ta bango yayin da kake aiki, domin ta fi rana saurin busar da bakin buroshi. Ka kuma sirka fentin da ruwa har ya yi kaurin madara, ka shafa sau biyu ko uku. Shafa ɗaya mai kauri ita ce take cinye ƙawanyar sulke da ninkin rawani, waɗanda su ne kyawun sojan.

Game da ƙullun, zafi ne yake gaggauta sandarewarsa, don haka ka ajiye shi a firji, shuɗin daban rawayan daban, ka riƙa yanko abin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ka yi gefe ɗaya na doki yau, ka bar shi ya kwana, gobe ka yi ɗayan gefen. Ka murza shi tsakanin leda biyu da aka shafa wa ɗan basilin har ya yi sirantakar takarda, sannan ka yanka shi da reza ka yafa wa dokin, ka danna layukan ɗinkin da bayan allura jiƙaƙƙiya. Kafin fenti ka wanke basilin ɗin da sabulu, in ba haka ba fenti ba zai zauna ba.

Maƙerin Wadata, Yamai:

Malam Baban Halima ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka masa da alheri, amma a kan danna layukan ɗinki da allura ina da ja. Sana'ata ƙirar azurfa ce, kuma abin da na koya a kan zobe da ɗan kunne shi ne ƙaramin abu ba ya ɗaukar duk adon da babba yake ɗauka. Sojan milimita 28 ya yi wajen kashi ɗaya cikin 56 na mutum. Idan ka auna zurfin ɗinkin lifidi na gaske ka raba shi haka, abin da zai rage ɗan siriri ne ƙwarai. Duk layin da allura za ta danna ya zarce wannan nesa ba kusa ba, shi ya sa dokin yake fitowa kamar an ɗaura masa katifa. Ni ina barin lifidin sumul, sai ƴan ninki a wuya da inda ya sauka kan ƙafafu, in bar fenti ya yi sauran aikin.

Ba ma sai da ƙullun Turai ba. Takardar goge hannu ninki ɗaya, a yanka ta daidai jikin doki, a shafa mata farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, tana kwanciya kamar ƙyalle, kuma idan ta bushe tana yin ƙarfin da za ta jure hannu. Da ita nake yin rawani da amawali da babbar riga. Ka adana ƙullunka domin kwalkwali da gashin jiminar da ke kansa, inda ake bukatar siffa mai tsayawa da kanta.

Masun roba da sojojin ke riƙe da su kuma ka yanke su tun yanzu, domin za su karye a wasan farko. Ka huda hannun sojan da siririn abin huji na milimita ɗaya, ka zura wayar tagulla, ka daddale bakinta da guduma a kan ƙarfe, ka goge shi da zarto ya yi tsini. Roba da roba ana haɗa su da gam ɗin da yake narkar da fuskokin biyu su zama ɗaya, amma waya da roba sai Super Glue. Idan kana Yamai ka shigo Wadata, kowane maƙeri yana da guntayen waya da zai ba ka.

Ɗan Yantala, Yamai:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam maƙeri. Na jiƙa takwas ɗin daren jiya, yau da safe shida sun fito tas, biyu na mayar da su su ƙara kwana. Robar danshin ma na haɗa ta, ɗigon ja ɗaya ya kai ni daga asuba har hantsi. Tambayar da ta rage ita ce launi: idan na bar lifidin sumul, wane zane zan yi masa? Kuma duka mahayan ne zan sa wa lifidi, ko kuwa wasu kawai?

Maman Nasiru, Tawa:

Ɗana, ni tela ce, ɗana na fari ne ya jawo ni cikin wannan harka, yanzu kuma tufafin sojojinsa duka ni nake fentewa. Kafin ka taɓa buroshi ka je ka kalli lifidi da idonka. Ka shiga Gidan Tarihi na Boubou Hama ka ga kayan gargajiya, idan kuma Salla ta kai ka gida Tsibiri ko Maraɗi ko Damagaram, ka tsaya kusa da dawakin fada a wajen hawa, ka ɗauki hoto daga gefe da kuma daga baya. Lifidi ƙyalle biyu ne ake cusa wa auduga a tsakani a ɗinke, fuskar wajen kuma sau da yawa guntaye ne masu kusurwa uku ko huɗu aka harhaɗa, ja da rawaya da fari da shuɗi ko baƙi. Wanda ya taɓa ɗinka irin wannan haɗi ya san guntayen ba sa fitowa daidai wa daida, don haka kada ka tsorata idan hannunka ya ɗan karkace. Ka fara shafe lifidin duka da launi mafi haske, ka zana layukan da fensir mai tsini, ka cike gidajen da ja da shuɗi, daga ƙarshe ka bi mahaɗarsu da ruwan ƙasa mai duhu da aka sirka sosai. Wannan siririn duhu shi ne zai sa ido ya ga ɗinki inda babu ɗinki, kamar yadda Malam maƙeri yake nufi. Ka rage yawan gidajen: jeri uku a gefen doki ya isa.

Kada ka sa wa kowa lifidi. Kaya ne mai tsada da nauyi, yana gajiyar da doki, kuma sarki ne yake raba shi ga zaɓaɓɓun barade, sauran mahaya da riga da rawani da garkuwa suke fita, wasu da sulke a ƙarƙashin riga. Mafi yawan rundunar ma dakarun ƙasa ne, maharba da masu mashi. A littafin dokokin wasa na Lion Rampant, wanda muke amfani da shi a gida, rukunin mahaya shida ne, na dakaru kuma yawanci goma sha biyu, saboda haka ƴan lifidi shida sun ishe ka, sauran ka bar su marasa nauyi. Tun da Abzinawa sun tsaya wa Gobir a Gawakuke, ka ware wasu ka naɗa musu turkuɗi. Launinsa ba shuɗi ba ne tsantsa: ka haɗa shuɗi mai duhu da baƙi da ɗigon shunayya, kuma bayan ka rufe sojan duka da fentin kariya marar sheƙi, ka dawo ka shafa wa rawanin kaɗai mai ɗan sheƙi, domin bugaggen turkuɗi yana ƙyalli. Garkuwarsu doguwa ce ta fatar walwaji, fara mai ɗan rawaya, ana iya yanka ta daga kwalin magani.

A cikin akwatin Mahadi akwai abubuwan da ba na zamaninka ba. Bindigogin Remington ne na shekarun 1880, kusan shekara hamsin bayan Gawakuke, don haka ka ajiye hannuwan da ke riƙe da su. Kawunan masu tulin gashi na ƙabilar Beja ne na gabashin Sudan, su ma ka bar su, kuma kada ka zana wa rigunan facin nan na jibbar Ansar, wato mabiyan Mahadi. Baka kuwa waya ce ka lanƙwasa, kwari kuma guntun tsinken tsintsiya ne ka rataya a kafaɗa da zare.

Fata ita ce inda na ga mutane da yawa suna kuskure, domin suna bin darussan intanet da aka yi don farar fata. Ka fara da ruwan ƙasa mai duhu mai ɗan ja, wuraren da haske yake sauka, wato goshi da karan hanci da kumatu da gaɓoɓin yatsu, ka ƙara musu launin ruwan lemo ko na ruwan zuma kaɗan. Idan ka haskaka da fari, mutumin zai fito toka-toka kamar wanda hunturu ya busar. Farar riga ma haka take: daga launin yashi ake tasowa, fari tsantsa sai a kan tudun ninki kawai. Tsagar Gobirawa ba za ta fito a fuskar da ba ta kai ƙwayar dawa ba, amma a kan sarki da mai tuta ina ja layi biyu masu duhu daga gefen baki zuwa kunne da buroshi mai lamba 0, kuma duk Bagobirin da ya ɗauki sojan yana gane nasa.

Gindin da za su tsaya a kai, ka tankaɗe yashi da rariyar shayi, ka soya shi a tsohon kasko domin ya bushe ƙwari su mutu, ka manna da farin gam. Ka ajiye su a akwati mai murfi saboda ƙura, kuma kada ka taɓa barin su a mota da rana, domin zafin cikinta yana lanƙwasa ƙafafun dawakin roba. Idan ka gama doki na farko ka sa mana hotonsa daga gefen hagu, inda garkuwa take, ina son in ga yadda jan ya zauna kusa da fatar walwajin.