Sammaci ya zo, ɗakin karatun doka kuma yana can birni, ina mafita?

Autan Baba: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu kaina ne ya kulle. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa shekara biyu ke nan da rasuwa, tun yana raye akwai gonar da ya ba wani maƙwabcinmu aro, mutumin nan tare suka taso tare suka yi makaranta, lokacin da matarsa ta kwanta asibiti babanmu ne ya kwana uku a wajen, ni da kaina na riƙa kai musu kaya, ba irin halaccin da ba a yi masa ba wallahi. Yanzu mun ce za mu karɓi abinmu sai ya ce wai ai saye ya yi, satin da ya wuce kuma aka kawo mana takarda daga kotu. Ni ba na son in tsaya gaban alƙali kamar kurma, so nake in karanta dokar da idona. Wajenmu ko laburaren yara babu balle na doka. Aka ce akwai ɗaya a harabar babbar kotu a birni, na ɓata yini a mota na isa saura minti arba'in a tashi, matar da ke wajen ta nuna min kantoci maƙil da littattafai, na ce wanne ne zai fishshe ni ta ce ita ba huruminta ba ne ta gaya min abin da zan yi. Haka na dawo hannu rabbana. Na sauke wata doka a waya shafi sama da ɗari biyu, shi ma sai da na hau tudu sabis ya kama. Ta ina zan fara?

Malam Na-Kotu: Wa alaikumus salam. Yaro saurara, matar nan ba wulaƙanta ka ta yi ba, ƙa'idar aikinsu ce kusan ko'ina, ma'aikacin laburare zai nuna maka inda doka take amma ba zai ce maka yi kaza ba don wannan aikin lauya ne. Kai ne ba ka iya tambaya ba. Da cewa ka yi ina dokar filaye da dokar wa'adin shigar da ƙara, bugu na ƙarshe, da ta ɗauko maka. Sannan wadda ka sauke ta wace shekara ce? Doka ana yi mata kwaskwarima, kana iya haddace sashen da aka soke tuntuni. Kafin komai ma wace rana aka rubuta a sammacin?

Hajiya Babba: Ni dai ɗana ka nemi sulhu. Shari'ar gidana shekara uku, lauyan da na ɗauka ko waya ba ya ɗagawa sai ranar da yake son kuɗin mota, takarduna na asali har yau suna hannunsa. Kotu ba ta bar kowa da zumunci ba.

Autan Baba: Hajiya sulhu da wa? Mutumin da ya riga ya kai mu ƙara? Malam ni fa na yi tambaya daidai gwargwado, ba kowa ya yi aiki a kotu ba.

Ɗan Boko: Ba sai ka sake zuwa birni ba yallaɓai. Tun 1992 jami'ar Cornell a Amurka ta fara saka dokoki kyauta a intanet, a 2002 kuma cibiyoyi irin wannan suka haɗu a birnin Montreal na Kanada suka fitar da sanarwa cewa doka dukiyar jama'a ce, kowa ya samu kyauta. Yanzu akwai shafukan intanet na dokoki kyauta irinsu AfricanLII da WorldLII, ka duba ko ƙasarku na ciki, ka sauke ka kai a buga maka sashen da kake so kawai.

Malam Na-Kotu: Kai ma ɗan boko kullum intanet intanet. Mutum ya ce maka sai ya hau tudu. Kuma ko ya sauke, dokar da majalisa ta rubuta rabin zance ce, sauran rabin yana cikin hukunce-hukuncen manyan kotuna da suka fassara ta, su wa zai tace masa? A jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1891 suke da laburaren doka na ƙananan hukumomi da kowa ke shiga, da kuɗin shigar da ƙara ake riƙe su, amma ko can gini yana inda kotu take ne, na ƙauye sai ya yi tafiya. Abin da na sani, wanda ya ce saye ya yi shi zai kawo hujja, kuma a wurare da yawa daɗewa a gonar da aka ba ka da izini ba ta mayar da ita taka. Amma in ba ka je ranar da aka sa ba ana iya yanke hukunci a bayan idonka, shi ya sa nake tambayar ranar.

Maman Ikram: Hmm laburare. Namu tun da rufi ya yaye ba wanda ya waiwaye shi, gara ta cinye littattafan tas, yaranmu ko wajen karatun jarrabawa babu. Na rubuta takardar koke har sau biyu shiru kake ji.

Barista Ƙarama: Ni ɗalibar shari'a ce ban gama ba tukun. Karatun yana da kyau amma kar ka shiga kotu kai kaɗai. Ka nemi ofishin taimakon shari'a kyauta, ko jami'ar da ke koyar da doka, da yawa suna da inda ɗalibai ke duba irin wannan ƙarƙashin malamansu. Akwai takardar aron? Akwai shaidu da rai?

Hajiya Babba: Kyauta a baki ne 'yata.

Autan Baba: Takarda kuma? Tsakanin babanmu da amininsa wace takarda za a yi. Ni ba ƙin lauya nake ba, na ga yadda aka yi da wani ɗan uwanmu ne, ya sa hannu a abin da bai karanta ba, shi ya sa na rantse sai na fahimta da kaina. Kuma dokar da na sauke na kai shafi na sittin, ina ganewa sarai, ba jahili ba ne ni.

Ɗan Boko: To turo sunanta mu gani mana.

Malam Na-Kotu: Shafi sittin na dokar da ba ka san shekararta ba. Shekara da shekaru ina ganin irinku, ku zo da littafi a hammata alƙali ya tambaye ku shaida ku kama inda inda. Karo na uku ke nan, wace rana aka sa a sammacin?

Autan Baba: Takardar na wajen yayana ya yi tafiya, ina jin ƙarshen wata ne ko farkon mai kamawa. Ni tambayata, in na koma laburaren suna barin mutum ya ɗauki hoton shafi da waya? Cajina ya kusa ƙarewa.

Maman Ikram: In sun bar ka ka gode Allah, namu ko kujera babu.