Kalmomin Turanci masu "ough": furuci nawa ne, kuma me kowace take nufi?

Ɗalibar_Harshe:

Assalamu alaikum malamai. Don Allah a warware mini kalmomin Turanci masu ɗauke da haruffan ough. Though, through, tough da thought duk rubutunsu ya yi kama, amma kowace da furucinta. Kashi nawa ne gaba ɗaya, mece ce ma'anar kowace, kuma akwai ƙa'idar da mutum zai riƙe ko dole sai hadda?

Malamin_Nahawu:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙa'ida guda da za ta tattaro su duka babu, amma idan aka kasa su gida-gida haddar tana sauƙi. A Turancin Ingila manyan gidajen shida ne.

Gida mafi tsari shi ne wanda t ta biyo baya, ana furta shi "oot" da o mai ja. Bought ya saya, brought ya kawo, fought ya yi faɗa, sought ya nema, thought ya yi tunani ko kuma tunani a matsayin suna, ought ya kamata, nought sifiri. A nan gh ba ta da sauti ko kaɗan. Wadda ta ɓalle daga gidan ita ce drought, wato fari na rashin ruwan sama, ana ce mata "draut". Wannan ki rubuta ta daban, domin ita ce ke kayar da mutane.

Sai masu ƙarewa da "af": tough mai tauri ko mai wuya, rough mai kaushi, enough isasshe. Kusa da su akwai masu "of": cough tari, da trough, komin da ake zuba wa dabbobi ruwa ko abinci. Masu "ou" su ne though da although, ko da yake, da dough, kwaɓaɓɓiyar fulawa kafin a gasa. Masu "au" su ne bough, babban reshen itace, da plough, garma, kuma drought ta cikinsu ce. Through ita kaɗai ce a gidanta da 'yarta throughout: "uu" mai ja, ma'anarta ratsawa ta cikin abu har a ɓulla ɗaya gefen.

Saura ƙanana. Thorough, aikin da aka yi tsaf ba a bar komai ba, da borough, gunduma a cikin birni, ƙarshensu ɗan gajeren "a" ne a Ingila, mutanen Amurka kuwa "o" suke sa wa. Slough kuma rubutu ɗaya ne da fuska biyu: "slaf" saɓar maciji, "slau" wuri mai taɓo.

Mai_Bin_Asali:

Malam ya kasa su daidai. Bari in ƙara dalilin, don sanin sa yana rage jin cewa abin hargitsi ne kawai.

A tsohon Turanci akwai sauti na maƙogwaro irin kha ta Larabci. Bayan Normawa, mutanen Normandy da ke arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, marubuta sun koma rubuta wannan sauti da gh. Wato a lokacin ana furta gh ɗin sosai. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci, har yau yana riƙe da shi: daughter a can Tochter ce, through kuma durch. Daga baya sautin ya gushe a Turanci ta hanya biyu. A wasu kalmomi ya faɗi gaba ɗaya, kamar though da bough. A wasu ya rikiɗe ya zama f, kamar tough da cough. A daidai wannan zamani kuma, tun daga wajen 1400, dogayen wasulan Turanci suka yi ta sauya wuri, shi ya sa wasalin da ke gaban gh ma ya rarrabu.

Rubutu bai bi baki ba saboda injin ɗab'i ya riga ya fara daskarar da shi. William Caxton, wanda ya fara kawo injin ɗab'i Ingila, ya kafa maɗaba'arsa a Westminster da ke Landan a 1476, ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara kafe shi. A Amurka an ɗan yi gyara, shi ya sa za ki ga plow a littattafansu a madadin plough, ma'ana ɗaya ce. Hiccough kuma, wato shaƙuwa, kuskure ne ya haife ta: an zaci tana da dangantaka da cough. Furucinta "hikap" ne, kuma hiccup ce rubutun da ya fi kyau a yi amfani da shi.

Ɗalibar_Harshe:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To yaya zan bambanta masu ought da masu aught kamar taught, tunda furucinsu ɗaya?

Malama_Furuci:

Ƙanwata, dubi asalin aikatau ɗin. Idan akwai harafin a a cikinsa, to aught ne: teach ta ba da taught, catch ta ba da caught. Buy, bring, think, seek da fight babu a a cikinsu, don haka ought suke ɗauka.

Akwai wurare uku da bakin mai Hausa ke zamewa, kuma sun fi rubutun muhimmanci. Na farko th: idan kika mayar da ita s, thought ta zama sought, ma'ana ta sauya daga tunani zuwa nema. Ki sa kan harshe tsakanin haƙora ki hura iska. A th ɗin thought, through da thorough maƙogwaro ba ya rawa, a th ɗin though yana rawa. Ɗora yatsa a wuya za ki ji bambancin. Na biyu f: tamu da leɓɓa biyu ake yin ta, tasu haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Idan leɓɓan suka haɗe, cough ta koma cop, ɗan sanda. Na uku cusa wasali tsakanin th da r. Through gaɓa ɗaya ce, thorough gaɓa biyu, kuma wasalin nan da aka cusa shi ke sa mai sauraro ya kasa gane wacce ake nufi. Ki riƙa faɗin su a jere gaban madubi kina ƙirga gaɓoɓin da tafi: tafi ɗaya ga through, biyu ga thorough.