Muhawara: "Kar wanda ya zo mani da jaje yana cewa ƙaddara ce"

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, mai jin haushi ya ji. Dam ɗin da ke saman garinmu na ƙasa ne, tun muna yara yake nan. Ku zo ku ga bangonsa yanzu. Bedi da bagaruwa sun girma a kai har ana ɗaure awaki a inuwarsu, ga suri, ga ramukan gafiya. Ta bayan bangon akwai inda ruwa ke tsattsafowa, bana ma ja yake fitowa da laka. Hanyar da aka bar wa rarar ruwa kuwa masu buga bulo sun mamaye ta, wani har masara ya shuka a ciki. Mun kai kuka ofis, aka ce mu rubuto, muka rubuta, aka ce mai sa hannu ya tafi kwas. Ga Agusta ta kama. In abin nan ya ɓalle cikin dare ya tafi da mutane, kar wanda ya zo mani da jaje yana cewa ƙaddara ce. Sakaci ne. Dam ɗin Alau da ya cinye Maiduguri a Satumbar 2024 bai ishe mu wa'azi ba?

Malam Na Liman: Subhanallahi. Ɗana, janye kalmar nan. Akwai abin da ke faruwa a bayan ƙasa ba da ƙaddara ba? Imani da ita rukuni ne. Ka yi istigfari tukuna, sannan mu saurari maganar dam.

Ɗan Kwari: Allah gafarta Malam, ban musa ƙaddara ba. Masu fakewa da ita nake nufi.

Malam Na Liman: Ba haka ka rubuta ba. Kowa ya koma sama ya karanta.

Baban Khalifa: Ya dai rubuta. Irin karatun bokon nan ke nan, yaro na samun difloma sai ya fara gyara wa Ubangiji aiki.

Ustaz Ƙofar Sauri: A yi adalci mana. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi ba kafirci ba ne.

Malam Na Liman: To ka buɗe Suratu Saba'i. Madatsar Ma'arib ta Yaman, wa ya fi mutanen Saba'i iya gini a zamaninsu? Da suka butulce aka sako masu ambaliya. Injiniyoyi ne suka yi ƙaranci?

Ustaz Ƙofar Sauri: Ai a tafsirai an kawo cewa ɓera ne ya rarake ta. Sababi ke nan, Malam. Shi ma yaron nan ramin gafiya ya ambata.

Malam Na Liman: Wa ya aiko ɓeran?

Injiniya: Ku yi mani afuwa, iyayena malamai, akwai abin da ya tsaya mani a rai cikin maganar Ɗan Kwari, shi ne ruwa mai laka. Kusan duk dam na ƙasa yana ɗan tsattsafo, in ruwan garai yake kuma bai ƙaruwa, sa ido kawai ake yi. Amma in ya fara fitowa da laka, cikin bangon yake kwasowa. Yana yi wa kansa hanya a hankali, ramin na faɗi, wata rana sai saman ya rufta. Saiwar itace ma haka take: in itacen ya mutu ta ruɓe, ta bar kafa. Kuma ba a zuwa da gatari a sare babban itace kai tsaye, sai an tone saiwar an cike gurbin an daddaɓe. Ɗaya hanyar da irin wannan dam ke tafiya ita ce ruwa ya haura ta samansa. Bangon kankare na iya jurewa, na ƙasa kuwa zaizayewa yake cikin awoyi. Don haka ake barin waccan hanyar ta rarar ruwa, toshe ta ya fi komai haɗari. Ga yashi da taɓo da ke cike cikin dam shekara da shekaru, sai ya zama ruwan da a da yake shanyewa yanzu ba shi da wurin zama. Ɗan Kwari, turo mani hoton wurin, ka kafa tsinke a bakin jiƙon ka duba safe da yamma ko yana faɗi.

Maman Ilham: Innalillahi. Wane gari ne don Allah? Ɗiyata na aure ta wajen Dutsin-Ma, kusa da dam ɗin Zobe.

Baban Khalifa: Kin gani ko? Ya fara tada hankalin mata. Hajiya, Zobe na nan daram tun 1983, aikin Shagari ne, ba irin kwangilar yanzu ba.

Badauri: Shagari ya gina, aka bar ruwa kwance shekara kusan 40 kifi kaɗai ke mora. Sai 2021 Baba Buhari ya zo ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe. A riƙa faɗin alheri.

Bakatsinen Asali: Kai dai yi shiru. Ku mutanen Daura kun kwashe jami'ar sufuri, kun kwashe foliteknik, ga dam ɗin Sabke ga na Daberam a gefenku. Mu a birnin Katsina dam ɗin Ajiwa muka dogara da shi, har gobe 'yan ga-ruwa ke shayar da unguwarmu.

Badauri: Hassada ga mai rabo taki ce.

Bakatsinen Asali: Rabon da ya zo da ɗan gida a kan kujera? Je ka yashe Daberam tukuna.

Ɗan Kwari: Jama'a, ni maganar bango nake.

Abu Mai Shayi: Ni dai na san dam ya taɓa cin mutane a jihar nan. Jibiya, 2018, fashewa ya yi.

Ɗan Jibiya: Ƙarya kake, Abu. Ina garin. Ruwan sama ne aka kwana ana zubawa a watan Yuli, gulbi ya cika ya shigo gidaje mutane na barci. Sama da mutum 40 suka rasu, wasu gawarwakin sai a Jamhuriyar Nijar aka tsinto su. Dam ɗin Jibiya bai fashe ba, yana nan, ana noman rani da shi.

Abu Mai Shayi: Wani direba ya faɗa mani a teburina, kuma ba ya ƙarya. Ni za ka ce wa maƙaryaci? Na girmi yayanka.

Ɗan Jibiya: Girma daban, labari daban. Mu muka yi jana'iza.

Injiniya: Wanda ya fashe a kusa da mu shi ne Bagauda ta Kano, 1988. Alau kuma tun 1994 ya taɓa yi wa Maiduguri ɓarna kafin ta 2024, a 2025 aka amince da naira biliyan 80 don sake gina shi. A Darna ta Libiya dam biyu suka tafi dare ɗaya a 2023, dubban rayuka, bayan an daɗe ana gargaɗi a kan rashin gyara. Akwai kuma ambaliyar da ba fashewa ba ce, sakin ruwa ne, kamar yadda Kamaru ke buɗe dam ɗin Lagdo ruwa ya biyo Binuwai. Can abin tambaya shi ne an sanar da na ƙasa da wuri ko ba a sanar ba.

Malam Na Liman: Madalla. Libiya da kuɗin manta ba ta tsira ba. Ka ga ƙaddara ke nan.

Ustaz Ƙofar Sauri: Bai ce haka ba! Cewa ya yi an yi gargaɗi aka ƙi ji.

Baban Khalifa: Ku dama haka kuke, ba ku ganin girman malaman zaure. Tun rigimar limancin Idi nake lura da kai.

Ustaz Ƙofar Sauri: Ka fara biyan kuɗin siminti da ka yi alkawari a gaban jama'a, sannan ka zo mu yi maganar girma.

Baban Khalifa: A nan za ka tona ni? To bari in turo rasit.

Hajiya Mai Atamfa: Sabbin kaya sun iso, leshi da shadda, ana kaiwa har gida cikin Katsina.

Maman Ilham: Har yanzu ba a faɗa mani garin ba.

Bakatsinen Asali: Ba zai faɗa ba, Hajiya, ɗan adawa ne. Zaɓe ya ƙarato shi ya sa dam ya fara yoyo.

Ɗan Kwari: Ban da katin jam'iyyar kowa. Gidanmu ne na uku daga bakin kwari, shi ke nan jam'iyyata.

Admin: To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa. An tattauna sosai kuma an amfana. Mafi rinjaye sun tafi a kan cewa ɗan'uwanmu ya yi kuskuren lafazi, muna fatan zai nemi afuwar Malam Na Liman, wanda tun muna allo muke ƙaruwa da shi. Malam ya kawo hujja daga Alƙur'ani, ba a samu wanda ya iya ture ta ba. Injiniya ya tabbatar mana kowane dam yana tsattsafo, saboda haka a kwantar da hankali. An kuma shaida irin ayyukan da Baba ya yi wa jihar nan, masu ƙorafi su ji tsoron Allah. Batun Jibiya kowa ya riƙe abin da ya ji. Daga yau an hana saka abin da zai firgita mutane ba tare da izinin admin ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ban ce a kwantar da hankali ba. Na ce mai laka alamar haɗari ce, a kai injiniya ya gani cikin satin nan, mutanen kwari kuma su san inda za su gudu.

Admin: Injiniya, same ni ta gefe. Na rufe sai da safe.