Neman shawara: kuɗin gidaje da gwamnatin tarayya ke aiko wa birninmu, ta wace ƙofa ake shiga?

Ɗan Maraɗi, Greensboro

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayenmu da yayyenmu, shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe a Amurka suka san kan aikin hukuma.

Ni ne magatakardan wata 'yar ƙungiyar 'yan uwa a nan Greensboro, jihar Karolina ta Arewa. Yawancinmu 'yan Nijar ne, sai 'yan Najeriya da Gana kaɗan. Akwai wani gini da muke haya: a ciki muke salla, a ciki yara ke karatun Alƙur'ani Asabar da Lahadi, da yamma kuma ɗalibanmu na jami'a su taya ƙanana aikin gida na boko. Mai ginin ya ce zai sayar, ya ba mu damar mu fara tayawa. Tsohon gini ne, rufinsa yana yoyo.

Wani abokin aikina ya ce gwamnatin tarayya tana aiko wa birni kuɗi duk shekara don gidaje da raya unguwanni, ana kiran shirin CDBG, kuma ƙungiyoyi suna samu. Wa ke raba wannan kuɗi? Za a iya ba mu mu sayi ginin mu gyara?

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: mutanenmu da yawa suna cikin gidajen haya da hita ba ta aiki, ga kyankyasai, ga haya tana hawa duk shekara. Ba mu manta gobarar titin Summit ta Mayun 2018 ba, wadda ta ci yara biyar 'yan gida ɗaya, 'yan gudun hijira daga Kwango. Akwai abin da wannan kuɗi zai yi wa irin waɗannan gidaje?

Maman Iman, Kolombos

Wa alaikumus salam. Ƙanena, aikina ke nan, ina riƙe da lissafin wata ƙungiya da ke karɓar irin wannan kuɗi a Ohayo, don haka bari in ɗan tsawaita.

Shirin ya samo asali ne daga dokar 1974 da Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu. Majalisar dokokin tarayya ce ke yanka jimillar kuɗin kowace shekara, a 'yan shekarun nan kusan dala biliyan 3.3, ma'aikatar gidaje ta HUD kuma ta raba. Kashi 70 cikin ɗari na manyan birane ne da manyan gundumomi, kashi 30 na jihohi don su kai wa ƙananan garuruwa. Birnin da ya kai mutum 50,000 kai tsaye yake karɓa, ba ya gasa da kowa. Lissafi ne ke fitar da rabonsa: yawan jama'a, yawan matalauta, cunkoso a gidaje, gidajen da aka gina kafin 1940, da jinkirin ƙaruwar jama'a. Greensboro tana da mutum kusan 299,000 a ƙidayar 2020, abin da take samu na CDBG ya ɗan haura dala miliyan 2 a shekara. Ka ga ba kuɗi ne mai yawa ba ga birni kamar wannan.

In kuɗin ya iso, HUD ba ta zaɓen aikin da za a yi. Ma'aikatan sashen gidaje na birni ne ke tsara rabon, majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a a kai. Abin da tarayya ta yi shi ne kafa shinge: aƙalla kashi 70 ya amfani masu ƙaramin ƙarfi, wato iyalan da samunsu bai wuce kashi 80 na matsakaicin samun yankin ba, gudanarwa da tsare-tsare kada su ci fiye da kashi 20, hidimomin jama'a irin su koyar da yara bayan makaranta, ba da shawara kan haya, horar da sana'a, kada su wuce kashi 15. Yi lissafin kashi 15 na miliyan 2, dubu ɗari uku ne da 'yan kai, kuma duk ƙungiyoyin birnin a kansa suke takara.

Batun ginin kuwa, gara in faɗa maka kai tsaye. Ɗakin da yake shi ne ainihin wurin ibada, masallaci ne ko coci, ba a saya ko gyara shi da wannan kuɗi. Ƙungiyar addini tana da damar nema kamar kowa, ba a hana ta don addininta, amma kuɗin ba ya shiga salla, wa'azi ko karatun addini. In gini yana da ɓangarori, ana iya biyan kason ɓangaren da ake hidimar jama'a kaɗai, kuma dole ƙofarsa ta zama a buɗe ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Taya yara aikin boko zai iya shiga. Karatun Alƙur'ani ba zai shiga ba.

Baba Alhaji, Greensboro

Ɗana, ka ji abin da Hajiya ta faɗa. Ni tun ranar da aka kawo maganar a zamanmu hankalina bai kwanta ba. Ɗakin Allah da guminmu ya kamata mu saye shi. A buɗe asusu, kowane mai taksi da mai aikin kamfani ya ɗauki abin da zai iya duk wata, a rubuta wa 'yan uwa na wasu jihohi. Haka aka sayi masallatai da yawa a ƙasar nan. Kuɗin hukuma da sharaɗinsa yake zuwa, gobe wani ya zo ya ce wannan ɗaki ba a salla a ciki saboda da kuɗinsu aka rufe shi. Amma maganar gidajen hayar mutanenmu, wannan haƙƙi ne, haraji muke biya. Ku bi ta da ƙarfi, ina bayanku.

Injiniya, Atalanta

Baba ya yi gaskiya, kuma fargabarsa tana nan a rubuce cikin ƙa'ida. In aka zuba fiye da dala 25,000 na CDBG a ginin ƙungiya, dole ginin ya ci gaba da aikin da aka ba da kuɗin dominsa har shekara 5 bayan yarjejeniya ta ƙare. In kun canza amfaninsa kafin nan, za ku biya birni kasonsa bisa darajar ginin ta lokacin.

Malam, ga abin da ke kada mutane. Daga ranar da kuka miƙa takardar neman kuɗin tarayya kan wani gini, ba ku da damar saye, rushewa ko fara gyara, ko da kuɗin aljihunku ne, har sai birni ya gama binciken muhalli. In kuka yi gaggawa, aikin zai iya fita daga cancanta gaba ɗaya. Mai ginin da ke son kuɗinsa yanzu zai jira watanni? Da wuya. Sannan aikin gini irin wannan da ya haura dala 2,000 yana shiga dokar Davis-Bacon, ma'aikata sai an biya su albashin da gwamnati ta ƙayyade, da takardar biya ta kowane mako. Aikin gayya na 'yan uwa ran Asabar ba ya tafiya yadda kuka saba. Gidan zama da aka gina kafin 1978 kuma sai an bi ƙa'idar fenti mai dalma.

Kuma galibi birni ba ya ba da kuɗi a gaba. Ku kashe naku, ku kai rasit, a mayar muku. Ƙungiyar da ba ta da ajiyar da za ta riƙe ta 'yan watanni takan shaƙe a nan.

Ɗan Maraɗi, Greensboro

Na gode Hajiya, na gode Baba, Injiniya Allah ya saka. Maganar ginin ta fito fili, zan kai wa shugabanninmu yadda take. To gidajen hayar fa? Mu ba masu gida ba ne, 'yan haya ne. Ta ina ɗan haya zai taɓa wannan kuɗi?

Anti Zango, Buronkis

Ƙanena, nan ne wurin da kuke da ƙarfi ba ku sani ba. Ba sai kuɗin ya shigo asusunku ba kafin ya yi muku aiki. Ku sa baki a inda za a kai shi.

Birni ba ya karɓar ko sisi sai ya miƙa wa HUD babban tsari, yawanci na shekara 5, wanda ke faɗin matsalolin gidaje da abin da za a fifita. Kowace shekara kuma ya miƙa ƙaramin tsari mai cewa dala kaza aiki kaza. Abin da bai shiga jerin fifiko na babban tsarin ba, da wuya ya samu kuɗi a na shekara. Doka ta wajabta zaman jin ra'ayin jama'a aƙalla sau biyu a shekara, da kwana 30 da za a baje daftarin kowa ya yi sharhi. Abin da mutane ba su sani ba: birni dole ya haɗa taƙaitaccen abin da aka faɗa cikin takardar da zai aika HUD, har da ra'ayin da bai karɓa ba da dalilin ƙin karɓa. Ƙorafi a rubuce kuma ana sa ran amsarsa cikin kwanakin aiki 15. Tsarin birni na shigar da jama'a dole ya faɗi yadda za a kula da waɗanda ba sa jin Turanci, don haka ku rubuta tun da wuri ku nemi tafinta, na Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci.

Waɗannan zaman sau da yawa kujeru ne a wofi, sai ma'aikata da wakilan ƙungiyoyin da suka saba karɓa. Mutum ashirin daga unguwa ɗaya su shigo, kowa zai lura. Amma kada ku je da kuka kawai. Ku zaga gidajen mutanenku da takarda: gida nawa ne babu hita, nawa ne babu na'urar gano hayaƙi, iyali nawa ke biyan fiye da rabin samunsu a haya. Ku ɗauki hotuna, ku cire sunaye. Sai ku nemi abu takamaimai da kuɗin ke iya yi: ƙarin duba-gari masu binciken gidaje a unguwannin da suka lalace, gyaran gidajen haya da sharaɗin haya ta zauna daidai ƙarfin talaka, da mai ba 'yan haya shawara wanda ke jin harshenku. CDBG yana kuma iya biyan haya ta gaggawa har wata 3 a jere, kai tsaye ga mai gida, in birni ya zaɓi yin hakan.

Majalisarku mutum tara ce: magajin gari, uku na birni baki ɗaya, biyar na mazaɓu. Ku san kansilan mazaɓarku, ku gayyace shi ya zo ya ga gidajen da idonsa kafin ranar ƙuri'a.

Ummi, ɗaliba

Anti, a gafarce ni in sa baki. Babana yana son sayen gida, an ce birni na taimakawa da kafin alƙalami. Shi ma wannan kuɗin ne? Kuma akwai kuɗin ruwa a kai? Wannan ne ke hana shi motsi.

Maman Iman, Kolombos

'Yata, sau da yawa wannan daga wani asusun yake fitowa, HOME, wanda dokar 1990 ta kafa, shi gidaje kaɗai yake yi. Birane da yawa suna ba da shi a matsayin bashi mara ruwa da ake yafewa in mutum ya zauna a gidan tsawon wa'adi, shekara 5, 10 ko 15 gwargwadon yawan abin da aka ba shi. Kowane birni da nasa sharaɗi, don haka Baba ya karɓi takardar yarjejeniyar ya karanta. Sai dai ragowar kuɗin gidan daga wani wuri zai fito, kuma a nan ne maganar ruwa take. Ya tambaya ko shirin yana karɓar kamfanonin da ke sayar da gida bisa tsarin Musulunci, sannan ya kai wa malaminsa.

Ƙanena Ɗan Maraɗi, in dawo kanka. Ban ba ku shawarar ku nemi kuɗi da sunan ƙungiyarku a shekarar farko ba. Birni zai nemi rajistar 501(c)(3), wato shaidar ƙungiyar da ba ta neman riba, lambar shaida ta UEI daga shafin gwamnati na SAM.gov, inshora, kwamitin amintattu, da littafin lissafi mai tsabta, sannan kowane iyali da kuka yi wa hidima sai kun ajiye shaidar samunsa. Akwai Greensboro Housing Coalition da ta daɗe tana aikin 'yan haya a garinku. Ku je ku zauna da su. Su suna da takardu da gogewa, ku kuna da harshe da amincewar mutanen da ba sa buɗe wa baƙo ƙofa. In suka sa albashin mutum ɗaya mai jin Hausa da Zabarmanci cikin takardar nemansu, kun samu abin da ya fi rufin gini amfani ga iyalanku. Darasin yamma na yara kuma, in kun raba lokacinsa da na karatun addini kuka buɗe shi ga yaran unguwa duka, shi ne abin da za ku iya nema da kanku nan gaba.

Kada ku tsaya kan kuɗin tarayya kaɗai. Masu zaɓe a Greensboro sun amince da bashin dala miliyan 25 don gidaje a 2016, suka ƙara miliyan 30 a 2022. Wannan ya ninka CDBG na shekara sau da yawa, kuma majalisar nan dai ce ke yanke inda zai je.

Lokaci kuma ku riƙe shi. Shekarar kuɗin birninku tana farawa 1 ga Yuli, tsarin shekara yana isa HUD kwana 45 kafin nan, wato tsakiyar Mayu, sai dai in Majalisar tarayya ta makara da kasafi. Ka ja baya da kwana 30 na sharhi, za ka ga daftari yana fitowa wajen Maris ko Afrilu, kuma kafin ya fito ma'aikata sun riga sun tsara yawancinsa. Maganarku ta isa gare su tun cikin sanyi. Ka kira sashen gidaje ka ce a sa imel ɗin ƙungiyarku a jerin waɗanda ake sanarwa, ka kuma nemi rahoton CAPER na bara, wato rahoton da birni ke bai wa HUD kan yadda ya kashe kuɗin. Yana fitowa cikin kwana 90 bayan rufe shekara, a ciki za ka ga kowace ƙungiya da abin da ta karɓa da gidaje nawa aka gyara.

Ɗan Maraɗi, Greensboro

Allah ya saka wa kowa da alheri. Asusun masallaci za mu buɗe shi daban kamar yadda Baba ya ce. Ranar Juma'a bayan salla zan nemi matasa su raba unguwanni don zagayen gidaje, mata kuma su shiga wajen mata. Anti, in kina da samfurin takardar tambayoyin da kuka yi amfani da ita, don Allah ki turo mini in mayar da ita Hausa da Faransanci.