Ma'aikatar gwamnati ko shagon sola? Ku ba ni shawara kan SIWES

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a sakaya sunana. Ina aji huɗu a jami'ar ATBU ta Bauchi ina karanta injiniyancin lantarki, zangon nan za mu fita SIWES, wato koyon aiki a wajen makaranta, na wata 6. Kawuna ya nemo min gurbi a wata ma'aikata a sakateriya, har ya kai takardata da kansa, ni kuma tun kafin nan na yi magana da wani maigida mai shagon sola wajen Wunti ya ce in zo, su kullum suna kan rufin mutane suna ɗaura fanel da haɗa inbata. Zuciyata tana wajen sola amma Kawu ya ce aikin gwamnati shi ne gaba kuma kun san ba a yi wa babba musu. Waɗanda suka yi a ma'aikata don Allah akwai abin da ake koya ko zama ne kawai?

Ɗan Gwallameji: Wa'alaikumus salam. Ƙanina gudu ka tafi solar ka wallahi. Ni a ma'aikata na yi, wata shida cur aikina sayo wa oga ƙosai da kunu da safe sai hoton takardu, kujerar zama ma sai wani ya fita sallah nake samu. Ranar Juma'a in zauna in ƙirƙiro abin da zan cika a logbuk, littafin da ake rubuta aikin da aka yi, har na zana tiransifoma da ban taɓa ko taɓawa ba.

Wata yayarku: Ɗan Gwallameji kai dai ka faɗa ofishin da ba aiki ne. Ma'aikata sashe-sashe ce ai. Ni da na je kwana biyu na ga inda aka ajiye ni ba komai sai hira, na samu darakta na durƙusa na gaishe shi na ce ranka ya daɗe a haɗa ni da masu fita duba aiki, shi ke nan na koma bin motarsu ƙauyuka. A can na ga yadda ake lissafin kayan kwangila, yadda ake auna abin da ɗan kwangila ya yi kafin a sa hannu a biya shi, da yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur har wajen babban sakatare, kowa da ɗan abin da zai rubuta a gefe, kuma wannan ba malamin da zai koya maka a aji, mai shago ma bai san shi ba. Kuma daraktan nan shi ya rubuta min takardar shaida da na nemi aiki bayan bautar ƙasa. Alawus kam kar ka sa rai, ko kuɗin keke daga Yelwa ba zai ishe ka ba.

Abban yara: Ɗana ka san dalilin shirin ma tukuna. Hukumar horas da ma'aikata ta ITF ce ta ƙirƙiro shi a 1973 saboda masu kamfanoni na kukan ɗalibai na fitowa da takarda hannunsu bai san aiki ba. To duk inda hannunka zai taɓa waya nan ne wajen. Sai dai ka tambayi ofishin SIWES na makarantarku ko sun yarda da shagon, yana da rajista? Yana da hatimi? Akwai wanda ya cancanta ya sa maka hannu duk mako? Don malami zai zo dubiya, ba lallai ya sanar ba.

Maman biyu: Ni abin da na gani kar ka ɓata da kawunka a kan wata shida. Ma'aikata da yamma an tashi, Juma'a ma tun kafin masallaci, ga Asabar. Ka karɓi na Kawu, yamma ka wuce Wunti, ko riƙe tsani ne ka yi.

Ɗan Gwallameji: Hajiya sola da rana ake ɗaurawa fa, da yamma sun kusa sauka daga rufi 😂

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na kira maigidan ya ce yana da rajista amma hatimin sai ya nemo, ya kwana biyu bai gan shi ba. Yaya don Allah wane sashe kika ce in roƙa, kuma a ranar farko zan yi maganar ko in bari a ɗan saba?